Fim Mai Tsafta Da Fim Mai Amfani: Darasi Daga Yuta Zuwa Funtuwa

Da zarar masara ta shiga rumbu, an kai auduga da waken suya kasuwa, dare yakan yi tsawo a ƙauyukan Funtuwa, Bakori, Ɗanja, Ƙafur da Malumfashi. Lokacin ne kuɗi ke zama a hannun manomi, a sayi sabuwar waya ko ƙaramar sola da talabijin, shagunan masu caji da tura fina-finai kuma su cika da samari kowa riƙe da memori. Abin da ya shiga memorin nan da la'asar, shi zai shiga tsakar gida bayan isha'i. Magidanci mai kula yakan ja kunnen ɗansa da magana guda: kada ka kawo mana mai rawa da waƙa, ka nemo mai wa'azi. Da ya faɗi haka sai ya ga ya sauke nauyi. Jan kunnen yana da kyau, amma bai isa ba. Rashin batsa sharaɗi ne na shigowar fim cikin gida, amfanin fim kuwa wani abu ne daban da ake nema bayan an cika sharaɗin. Ana iya shirya fim babu ko silin gashin mace a waje, a cika shi da nasiha, ya kuma koya wa yara ƙarya game da yadda duniya ke tafiya. Akwai wata al'umma mai riƙon addini a Amurka da ta shafe fiye da shekara ashirin tana fama da wannan matsala, kuma abin da ya same ta ya cancanci mu duba.

Kafin mu je can, mu tuna cewa hoto mai motsi da wa'azi ya shigo wannan yanki, sai dai wa'azin noma ne. A zamanin Turawa da na gwamnatin Jihar Arewa, motar majigi ce ke yawo gari-gari, a kafa farin ƙyalle a ƙofar fadar hakimi, a nuna wa jama'a tsaftar gida, rigakafi da dabarun shuka. Baban Larai, wanda aka shirya a shekarun 1950 don kwaɗaitar da manoma noman zamani, yana cikin waɗanda tsofaffi ke tunawa, kuma ƙasar auduga irin Funtuwa, mai injin gurza da tashar jirgin ƙasa, ita ce irin wurin da aka yi shi dominta. Majigi na kowa ne, yara da manya. Silima kuwa ta samu baƙin jini tun farko, ana ganinta matattarar 'yan iska, wurin da matar aure ba ta taka ƙafa. Da kaset ya zo, ƙungiyar Tumbin Giwa ta Kano ta fitar da Turmin Danya a 1990, sai kallo ya tsallake zaure ya shiga ɗakin mata. Nan rigima ta tashi. Rawa da waƙa irin na Indiya suka mamaye fina-finan, Kano ta kafa Hukumar Tace Fina-finai a 2001, aka ƙara matsawa daga 2007, a 2016 kuma malamai suka yi ca a kan shirin gwamnatin tarayya na gina ƙauyen fim a Ƙofa ta ƙaramar hukumar Bebeji har aka janye shi. Duk tsawon wannan ja-in-ja, tambaya ɗaya aka fi yi: me za a cire daga fim? Ba a cika tambayar me ya kamata a zuba a ciki ba.

'Yan Momon, wato al'ummar Amurka da muka ambata a farko, mabiya wani coci ne da Joseph Smith ya kafa a 1830 a jihar New York, hedikwatarsa tana birnin Salt Lake City na jihar Yuta. Mabiyansa sun kai kimanin miliyan 17 a duniya, suna da yawa a kudu maso gabashin Nijeriya, har sun buɗe babban ɗakin ibadarsu a Aba a 2005. Aƙidarsu ta saɓa da Musulunci, kuma manyan ɗarikun Kirista da dama ba su yarda da ita ba, domin suna da ƙarin littafi bayan Baibul. Mai karatu zai iya cewa to mu ina ruwanmu da su? Ruwanmu shi ne halin da suka tsinci kansu a ciki. Mutane ne da ba sa shan giya ko taba, suna tsananta hana zina, suna son aure da yawan 'ya'ya, shugabanninsu kuma sun daɗe suna gargaɗin matasa su guji fina-finan da aka ware wa manya. Ga su zaune kusa da Hollywood, masana'antar da ba ta damu da ko ɗaya daga cikin waɗannan ba. Damuwar uba a Yuta game da abin da 'yarsa ke kallo ita ce damuwar uba a Bakori. Ba aƙidarsu za mu ara ba, gwajin da suka yi za mu duba, domin sun riga mu bin hanyoyin da muke kai yanzu, an kuma ga inda kowace ta ɓulle.

Hanya ta farko ita ce su shirya nasu. A shekarar 2000 wani matashi mai suna Richard Dutcher ya fitar da God's Army, labarin samarin da cocin ke turawa wa'azi a birnin Los Angeles. An kashe kimanin dala 300,000, fim ɗin ya dawo da fiye da dala miliyan biyu da rabi. Abin da ya ja mutane shi ne ya nuna masu wa'azin a matsayin 'yan Adam: wani na kokwanto, wani na fama da ciwo, suna tsokanar juna, suna gajiya. Ganin an samu kuɗi, sai kowa ya ɗauki kyamara. Aka yi ta sakin fina-finan barkwanci irin The Singles Ward na 2002 da The R.M. na 2003 da ire-irensu, masu tsafta ƙal, cike da raha irin wadda ɗan cocin kaɗai zai gane. Na farko-farkon sun samu karɓuwa. Kafin ƙarshen shekarun 2000 kasuwar ta yi sanyi, domin masu kallo sun gaji da biyan kuɗi saboda kara kawai. Iyalai sun gano cewa kasancewar fim na 'yan'uwansu ne bai hana yaro yin hamma ba, yaron da ya yi hamma kuwa gobe zai nemi wani abin kallon a ɓoye. Wannan shi ne darasi na farko: alamar addini tana sayar da fim sau ɗaya ko sau biyu, daga nan sai labari ya tsaya da ƙafarsa.

Hanya ta biyu ita ce su wanke na wasu. Wani kamfani a Yuta mai suna CleanFlicks ya riƙa sayen faya-fayan Hollywood yana yanke tsiraici da ashar, yana ba iyalai haya. A 2006 wata kotun tarayya ta ce hakan keta haƙƙin mallaka ne, kasuwancin ya rushe. Daga baya VidAngel ya zo da manhajar da mai kallo zai zaɓi abin da yake so a tsallake masa. Disney da wasu manyan kamfanoni suka kai ƙara a 2016, a 2019 aka yanke masa tarar sama da dala miliyan 62, kafin a sasanta a kan abin da bai kai haka ba. Mu ma muna da irin wannan hanya: almakashin hukumar tacewa, da masu fassara fina-finan Indiya zuwa Hausa, waɗanda kan sauya zance su sa wa jarumi karin maganar Kano a baki. Matsalar ta wuce ta shari'a. Fim ɗin da aka gina a kan cewa ramuwar gayya jarumta ce, ko cewa arziki na faɗowa dare ɗaya, yana nan da saƙonsa ko an yanke duk wata rawa da ke ciki. Mutanen Funtuwa sun san cewa gurzar auduga cire gurya ce kawai. Kafin ta zama riga sai an yi kaɗi, an yi saƙa, an yi ɗinki. Tacewa gurza ce. Abin lura, masu VidAngel da kansu sun koma shirya sabo: daga cikinsu Angel Studios ya fito, kuma su ne suka taimaka wajen tara kimanin dala miliyan 10 daga hannun talakawan masu kallo don zangon farko na The Chosen, wanda daraktansa Dallas Jenkins ba ɗan cocinsu ba ne.

Idan muka dawo gida, misali mafi kusa da wannan yanki shi ne Izzar So, fim mai dogon zango da Lawan Ahmad ya fara saki a 2020 a tashar YouTube mai suna Bakori TV. Ya karɓu a gidaje da yawa saboda dalilin da magidancin nan ya ambata: jarumin, Umar Hashim, talaka ne mai gaskiya da riƙon addini, bakinsa ba ya rabuwa da nasiha, yana fuskantar izzar masu kuɗi irin Hajiya Nafisa ba tare da ya sayar da mutuncinsa ba. Wannan ba ƙaramar nasara ba ce, domin ya rushe tsohuwar hujjar furodusoshi cewa fim ba ya tafiya sai an cusa rawa. Amma nasarar ta jawo masu kwaikwayo, kuma abin da ya fi sauƙin kwaikwayo shi ne jawabi. Sai ka ga an tsayar da labari cak, jarumi ya juyo ya yi minti biyar yana karantarwa, mugu kuma ya sunkuyar da kai ya tuba nan take. A ɗaya gefen akwai Daɗin Kowa na tashar Arewa24, wanda ba a taɓa tallata shi a matsayin shirin addini ba, amma ya taɓo almajiranci, shaye-shaye, gudun hijira, auren dole da zaman Musulmi da Kirista a unguwa ɗaya. Mutanen cikinsa suna salla, suna kuma cin bashi su ƙi biya. Uwar da ta kalle shi da 'yarta tana samun abin tattaunawa, saboda ta san irin waɗannan mutane a layinsu.

Nan ne ake samun ƙorafi mai ƙarfi, kuma ya dace a saurare shi. Wasu na cewa nuna mai addini yana kuskure zubar da ƙimar addini ne, yara kuma abin koyi suke buƙata, ba mai rauni ba. Dutcher ya gamu da wannan. Bayan God's Army ya yi Brigham City a 2001, labarin kisan kai a wani ƙaramin gari na masu ibada, sannan States of Grace a 2005, inda wani mai wa'azi ya faɗa cikin zunubi ya nemi gafara. Masu sharhi sun yaba, amma da yawa daga cikin 'yan cocin sun juya baya, a 2007 kuma ya sanar da barin cocin. Mai ƙorafi zai ce ka gani, ga inda irin wannan hanya ke kaiwa. Sai dai labarin mutum ɗaya ba ya zama hukunci a kan hanya. Musulmi yana da hujja mafi kusa: ƙissar Annabi Yusuf, alaihis salam, wadda ake karanta wa yara a makarantar allo da Islamiyya, tana ɗauke da hassadar 'yan'uba, ƙarya ga mahaifi, fitinar mace, kurkuku da yunwa, kuma ba a ɓoye ko ɗaya ba. Ƙarfin yafiyar da ta zo a ƙarshe daga nauyin laifin ya samo asali. Yaron da fim ya koya wa cewa mai gaskiya kullum yana yin nasara kafin a tashi kallo, ranar da ya ga mai gaskiya ya yi asarar gona ya kuma mutu talaka, ba fim ɗin kaɗai zai zarga ba. Abin da ya kamata a kiyaye shi ne yadda ake nuna laifi: a nuna shi da sakamakonsa, kada a ƙawata shi.

Ƙorafi na biyu daga malamai yake. Akwai masu ganin fim gaba ɗayansa wasa ne da ɓata lokaci, ga cakuɗuwar maza da mata wajen shirya shi, don haka kiran sa wa'azi yaudarar kai ce. Wanda ya bi wannan fahimta ya hana kallo a gidansa, yana da hujjarsa. Amma mafi yawan gidaje suna kallo, kuma hani daga kan mumbari bai rage layi a shagon masu tura fim ba. Har ila yau, ƙorafin yana ƙarfafa abin da ake faɗa a nan ne: suna na addini ba ya wanke fim. Moustapha Akkad, ɗan asalin Siriya, ya shirya Ar-Risala a 1976 ba tare da nuna fuska ko sanya muryar Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, ba, shi ya sa ya zauna a gidajen Musulmi tsawon shekaru. Fim mai dogon zango na ƙasar Iran a kan Annabi Yusuf, wanda ya fito a 2008 aka kuma juya shi zuwa Hausa, ya sa ɗan wasa ya fito a matsayin annabi, abin da malaman Azhar da akasarin malaman Sunna suka haramta. Fina-finan tarihi na Turkiyya irin Ertugrul cike suke da kabbara da addu'a, cike kuma da sara da suka. A yankin da yaran Faskari, Sabuwa da Ƙanƙara suka san ƙarar bindiga da kunnensu, uban da ke tsoron rawa amma ya bar ɗan shekara bakwai yana kallon yankan wuya saboda jarumin Musulmi ne, ma'auninsa na tsafta ya karkace.

Akwai wani ma'aunin da Malumfashi ta fi wurare da yawa buƙata. A Malumfashi da Ƙafur akwai Hausawa Kiristoci, da yawansu daga zuriyar Maguzawa, har Gerald Mamman Musa, wanda aka naɗa bishop na farko na sabon yankin Katolika na Katsina a 2023, ɗan wannan ƙasa ne. Ana samun dangi ɗaya wani na zuwa masallaci wani coci, kasuwa ɗaya, gona kan iyaka da gona. Fim ɗin addini, na kowane ɓangare, yana da saurin faɗawa tarkon mayar da wanda ba naka ba mugu ko wawa, wanda ba shi da wani aiki a labarin sai ya tuba a ƙarshe. Fina-finan Momon da suka tsallake iyakar cocinsu su ne waɗanda suka kauce wa wannan. Saints and Soldiers na 2003, labarin sojoji a yaƙin duniya na biyu, bai tsaya tallata sunan cocin ba, ya nuna mai imani da marar imani suna ceton juna. Freetown na 2015, wanda aka ɗauka a Ghana, ya bi wasu matasan Laberiya masu wa'azi da suka tsere daga Monrovia zuwa Saliyo lokacin yaƙin basasa a 1990, zuciyar labarin kuwa ƙabilanci ne da tsoro. Gwaji mai sauƙi ga magidanci shi ne ya tambayi kansa: in maƙwabcina na wancan addinin ya shigo muna kallo, zan ji kunya in kashe?

Masu shirya fim za su ce duk wannan daɗin baki ne, kasuwa ce ke hukunci. Kasuwar faifai ta mutu, satar fasaha ta cinye riba, YouTube kuma yawan masu kallo yake biya, shi ya sa ake jan labari kashi ɗari ana cika shi da surutu. Gaskiya ne. Amma rubuta labari mai kyau shi ne sashe mafi arha a harkar fim, ya fi hayar jibgegen gida da mota sauƙi, kuma labaran suna nan zube ba wanda ya ɗauka. Manomin da ya ci bashin taki, damina ta yi gardama, ya tsaya gaban buhunan masararsa yana lissafin ko zai fitar da zakka, ɗaya bisa goma, ko ya biya mai bashi. 'Yan'uwa mata da aka danne wa gadon gona. Dillalin hatsi a kasuwar Ɗandume mai sahun farko a masallaci da mudu biyu a rumfa. Dangin da suka sayar da shanun huɗa don fansar ɗansu, da limamin da zai tsaya gabansu ya yi maganar haƙuri. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan ya fi fim ɗin attajirin Abuja da 'yarsa ɗauke da addini, ba sai an tsayar da kyamara an yi jawabi ba. Masu kallo ma suna da hannu, domin abin da aka fi nema a shagon tura fim shi za a ƙara shiryawa.

Abu na ƙarshe da ya kamata a ɗauka daga Yuta bai shafi kyamara ba. Tun 1915 shugabannin cocin suka kwaɗaitar da iyalai su ware dare ɗaya su zauna tare, a 1970 aka tsayar da daren Litinin, ba a sanya wani taron coci a cikinsa. Fina-finansu sun samu gurbi ne saboda akwai zaman da za su shiga. Mu ma muna da namu zaman, hirar dare da tatsuniya a tsakar gida, amma waya ta raba shi: uba da tasa, uwa da tata, yaro ya lulluɓa da bargo da abin sauraro a kunne. Hukumar tacewa ta Kano ba ta da iko a kan memorin da ke aljihun yaro a Ɗanja, kuma ko a 2021, da aka katse layukan waya a Funtuwa, Bakori, Malumfashi da maƙwabtansu saboda matsalar tsaro, fina-finai sun ci gaba da yawo daga waya zuwa waya. Mai tacewar da ya rage shi ne babban da ke zaune a wurin, wanda zai iya dakatar da kallo ya tambayi yara me ya sa wancan ya yi ƙarya, me kuma da su za su yi. Fim matsakaici da aka kalla tare aka tattauna ya fi fim mai cike da nasiha da yaro ya kalla shi kaɗai. Saboda haka magidancin da ya aiki ɗansa shagon tura fim bai gama aikinsa ba. Saura ya zauna ya kalla da su, ya ga ko abin da aka kawo ya faɗi gaskiya game da mutane.